Keken girabul don hawa kwalta a hunturu: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Duk shekara da sanyi ya fara kankama sai tambayoyin nan su dawo, kusan iri ɗaya, wani ma bara ya tambaye ni bana ya sake. Shi ne na ce bari in tattara su wuri guda in huta. Hunturun da nake nufi shi ne wanda ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa, kwalta a jiƙe wata uku ko huɗu, gari ya yi duhu da wuri, wani lokacin a wayi gari da ƙanƙara motoci na bi suna watsa gishiri a titi. In ka san ba za ka kai ƙarshe ba toh ka riƙe wannan: fara duba inda za ka ɗaura madigadi da faɗin tayar da keken zai ɗauka da madigadin a jiki, sauran duk bayan nan suke zuwa.

Wai meye ma keken girabul ɗin, ba keken tsere ba ne aka sa wa ƙatuwar taya?

Daga nesa haka za ka gani, kan nan mai lanƙwasa ƙasa duk iri ɗaya ne. Amma in ka matso akwai bambanci. An yi shi ne don hanyar burji da tsakuwa, a hanyoyin gonakin tsakiyar Amurka abin ya fara ƙarfi kafin ya bazu ko'ina. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ta fi ta keken tsere tsawo, fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, ya ɗan fi kwanciya, wajen digiri 70 zuwa 72 inda na tsere yake kaiwa 73, shi ya sa baya zillo, in ka saki hannu ɗaya don ka goge hanci baya karkacewa ya nufi rami da kai. Zaman kuma ya ɗan fi miƙewa, ba sai ka duƙa sosai ba. Sai babban abin, wato fili: keken tsere yawanci taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 yake ɗauka, na girabul kuwa 40 zuwa 50. Sannan da yawansu suna da ramukan noti a firam da fok na ɗaura madigadi da kariya.

Toh ni kwalta kawai zan hau, ba ɓarnar kuɗi ba ce in sayi na burji?

Kwaltar hunturu ai ba kwaltar bazara ba ce malam. Ruwa ya shiga tsaga, ya daskare ya buɗa ta, ya narke, motoci su taka, kafin wata biyu titin da ka sani sumul ya zama ramuka, kuma rabin ramukan ruwa ya rufe su ba ka ganinsu sai ka faɗa. Ga ganyen da ya ruɓe a gefe, ga yashi da ƙananan duwatsu da ruwa ya kwaso, ga fentin titi da murfin kwalbati masu santsi kamar an shafa musu sabulu. Kusan duk abin da aka gina keken girabul dominsa yana nan a kan kwaltar.

Amma kar in yi maka ƙarya, akwai keken kwalta na doguwar tafiya irinsu Trek Domane da Giant Defy da Specialized Roubaix, na zamanin nan suna ɗaukar taya mai ɗan faɗi, wasu har 38. In ka tabbata ko sau ɗaya ba za ka sauka daga kwalta ba kuma wanda ka gani yana da wajen madigadi, wannan ma zai yi maka. Ni dai na fi son girabul saboda filin da yake bari, in taya 35 ce a firam ɗin da aka yi wa 45, taɓo da ruwa suna da hanyar wucewa.

Me ya sa ka dage da maganar madigadin nan?

Saboda na taɓa sayen keke don kyansa, ban duba ba, sai da na kawo shi gida na ga ko ramin noti ɗaya babu. Na ƙare da irin madigadin nan na maƙalawa da roba, gajere, yana kaɗawa yana goga taya yana cinye fenti, duk bayan kilomita goma sai na tsaya na gyara masa zama da yatsu a daskare. Hunturu guda na yi a haka na sayar da keken.

Ruwan sama ba shi ne yake jiƙa ka ba, wanda taya ke kwasowa daga ƙasa shi ne matsalar, don ko an ɗauke ruwan titi yana nan a jiƙe, kuma wancan ruwan haɗe yake da gishiri da yashi da baƙin man motoci. Tayar baya ta feshe maka baya da mazaunai, ta gaba ta feshe maka takalmi ta kuma watsa kai tsaye kan sarƙa da boris ɗin feda. Ƙafa in ta jiƙe a sanyi tafiya ta ƙare, duk tsadar safarka. Cikakken madigadi mai noti, dogo, da lefen roba a ƙarshensa yana sauka kusa da ƙasa, shi ke hana wannan, kuma wanda ke bin bayanka zai sa maka albarka.

Abin dubawa: ramin noti kusa da gindin tayar gaba da ta baya, rami a saman fok, da wata 'yar gada tsakanin ƙarafunan baya inda madigadin zai rataya, wasu kekunan gadar cirewa ake yi ana ba ka ita a leda, in na hannu za ka saya ka tambaya tana ina. Sannan faɗin da kamfani ya rubuta ba tare da madigadi ba ne yawanci. In an ce 45, da madigadi ka sa ran 38 ko 40. Madigadin kansa ya fi taya faɗi da kamar milimita 10. Na gaba kuma ka nemi mai ɗan maƙalin da ke ɓallewa da kansa in kara ya shiga tsakanin taya da madigadi, kamfanin SKS suna yin haka, in ba shi ba tayar gaba ta ƙame kai kuma ka wuce ta saman kai.

Wace irin taya zan sa? Wadda ta zo da keken ba ta isa ba?

Yawancinsu da taya mai ƙuraje suke zuwa, ta burji. A kwalta ƙurajen nan ba abin da suke ƙara maka sai ƙugi da nauyi, kuma abin da mutane ba su yarda da shi ba sai sun gwada, a jiƙaƙƙiyar kwalta sun fi santsi a kwana, don ƙurajen lanƙwashewa suke yi kuma robar da ke taɓa ƙasa ta ragu. Tayar keke siririya ce, gudunta bai kai ta hau kan ruwa kamar ta mota ba, saboda haka zane-zanen korar ruwa ba su ne abin nema ba. Irin robar da yawan iska su ne magana.

Ni 32 zuwa 38 nake sawa, sumul ko mai ɗan zane marar zurfi, wadda aka yi wa shimfiɗar kariya daga huji a ciki, don a jiƙe gilashi da ƙaya sun fi saurin shiga roba, kuma faci a gefen titi cikin ruwa da duhu yatsu ba sa lanƙwasuwa ba abin da zan yi wa maƙiyina fata ba ne. Iska kuma ka rage. Mai nauyin kilo 75 a taya 35, psi 45 zuwa 50 a ma'aunin iska na famfo ya ishe shi, a jiƙe ma ya ɗan ƙara ragewa. Ka tuna in a ɗaki mai ɗumi ka yi famfo, digiri 20, ka fita waje ana sifili, iskar za ta sauka da kamar psi 4 da kanta. In wilinka irin marar ƙugiya ne a baki, kar ka wuce psi 72, kuma sai tayar da aka yarda a sa masa.

Wili kuwa 700c za ka ɗauka, wato girman na keken tsere. Ƙaramin nan 650b na masu son taya mai kauri sosai a daji ne, a kwalta ba ka buƙatarsa, tayoyin hunturu ma sun fi samuwa a 700c.

Taya marar tib fa, ta cancanci wahalarta?

Eh. Ruwan da ake zubawa a ciki yana toshe ƙananan huji kana tafiya ba ka ma sani ba, kuma a taya mai faɗi da iska kaɗan ya fi aiki da kyau. Sai dai yana bushewa, duk wata uku ko huɗu ka duba ka ƙara. Tib ɗaya dai kar ka fita babu shi a jaka.

In ƙanƙara ta kama titi, taya mai faɗi za ta riƙe ni?

A'a, kuma kar wani ya ruɗe ka. A kan ƙanƙara roba roba ce, 25 ce ko 50 faɗuwa za ka yi, kuma irin faɗuwar da kafin ka yi tunanin birki kana ƙasa. Mafi sharri ita ce siririyar nan da ba a gani, titi ya yi kamar jiƙewa ce kawai. Tana iya kamawa ko ma'auni na nuna digiri 2 ko 3, don ƙasa ta kan fi iska sanyi da asuba, gada da inuwar bishiyoyi da kwari su ke fara daskarewa su ne kuma na ƙarshen narkewa. Gishirin da ake watsawa ma in sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya kusa ƙarewa.

Maganinta ɗaya, taya mai ƙusoshi, irinsu Schwalbe Marathon Winter Plus da 45NRTH Gravdal da na Suomi Tyres na ƙasar Finlan. A nan ne keken girabul yake biyan kuɗin sabulunsa, don yawancin tayoyin nan daga 35 suke zuwa sama kuma ƙusoshin na ƙara musu tsayi, keken tsere ba zai ɗauka ba. Suna da nauyi, ɗaya tana iya kusan kilo guda, suna ƙara kamar ana taka tsakuwa, gudu kuma ka manta da shi. Schwalbe sun ce a fara yi musu kamar kilomita 40 a busasshiyar kwalta a hankali don ƙusoshin su zauna. In da hali ka ajiye su a wili na biyu, ranar ƙanƙara minti biyar ka canza. In kuma ƙanƙarar kwana huɗu ko biyar ce a shekara a inda kake, zauna a gida ranakun, ya fi sauƙi.

Farantin sarƙa ɗaya a gaba ko biyu?

Nan ne ake musu har a ɓata. Mai faranti ɗaya, haƙora 40 ko 42 a gaba, baya kuma 11 zuwa 42 ko 10 zuwa 44, ba shi da mai canza giyar gaba, kenan abu ɗaya ya ragu da zai cika da taɓo, wanki ya fi sauƙi. Matsalarsa a kwalta tsallen da ke tsakanin giya da giya, ka sa wannan ta yi nauyi ka sauko ɗaya ƙafa ta dinga juyawa a banza, kai kaɗai ba komai amma cikin ayari kana ƙoƙarin daidaita gudu da na gabanka abin yana cin rai. A lissafi, haƙora 40 a gaba 11 a baya, ƙafa na juyawa sau 90 a minti, taya 35, kilomita 42 da ɗoriya a awa kake yi, wanda gaskiya a hunturu ya isa in ba gangara ba.

Mai faranti biyu, Shimano GRX da ya fito a 2019 yana da 48 da 31 ko 46 da 30, giyoyinsa sun fi kusa da juna, ga ta hawan tudu ga ta gudu. In kashi tara cikin goma na hawanka kwalta ne, ni biyu zan ce maka. SRAM XPLR na 2021 da Campagnolo Ekar na 2020 mai giya 13 duk faranti ɗaya ne, Ekar ɗin ya rage matsalar tsalle don ƙananan giyoyinsa haƙori ɗaya ne tsakaninsu, amma kayan canjinsa ba ko'ina ake samu ba.

Abin da na fi so ka duba ma ba wannan ba ne. Hunturu cin sarƙa yake yi, yashi da ruwa da mai in sun haɗu sun zama kamar abin wasa wuƙa. Kafin ka ɗauki mafi tsadar giya tambayi nawa ne sarƙarta da farantan bayanta, don za ka saye su fiye da sau ɗaya. Matsakaicin aji yana canza giya lafiya lau, bambancin 'yan giram ne.

Birki fa?

Kusan duka na faifai ne yanzu, kuma a ruwa ya fi tsohon mai matse wili nesa ba kusa ba, wilin ma baya cinyewa. Mai amfani da mai ya fi mai waya, da safar hannu mai kauri da yatsu a sandare za ka gane, kuma ruwa na iya shiga bututun waya ya daskare birki ya ƙi motsi. Faifai mai faɗin milimita 160 gaba da baya. Takalmin birki mai ƙarfe ya fi daɗewa a taɓo amma yana kuka, mai taushin shiru ne amma mako kaɗan na ruwa da yashi sai ka ga ya ƙare, kuma wasu faifan masu araha an rubuta a jikinsu mai taushi kaɗai suke ɗauka. Shimano da Campagnolo man minaral suke sha, na SRAM na kwalta da girabul kuwa wani man birki daban da ake kira DOT, kar ka kuskura ka haɗa.

Firam ɗin kabon, alminiyam, ƙarfe ko taitaniyam?

Kabon baya tsatsa, amma notuna da boris da ke jikinsa suna yi, kuma hunturu lokacin faɗuwa ne, kabon zai iya tsagewa a ciki waje bai nuna ba. Ƙarfe irinsu 4130 ko Reynolds 725 yana da daɗin hawa ana kuma iya walda shi, sai dai nauyi, kuma dole ka fesa masa maganin tsatsa a cikin bututun ka dinga shafe inda fenti ya ɓare. Taitaniyam ba ruwansa da gishiri ko fenti baya buƙata, aljihu ne kawai zai yi kuka. Alminiyam shi nake cewa yawancin mutane su ɗauka, da fok ɗin kabon, rarar kuɗin a zuba a taya da madigadi da fitila. Da taya 35 da iska daidai, taushin da ake ta yabon firam da shi yawancinsa tayar ce ke bayarwa.

Ko wanne ka ɗauka, zaro sandar sirdi ka shafa mata giris kafin sanyi ya shigo, in kabon ce man da aka yi dominta. Alminiyam cikin ƙarfe da ruwan gishiri in sun kwana biyu tare manne wa juna suke. Na taɓa barin tawa shekara biyu, sai da aka yanke ta aka fitar gunduwa-gunduwa.

Kekunan da aka ɓoye wayoyinsu gaba ɗaya sun fi kyau, akwai matsala?

Kyau kam akwai. Amma wayoyin da bututun birki ta cikin boris ɗin wuya suke bi, ruwa ma nan yake bi, ranar da boris ya ci sai an kwance birki an zubar da mai kafin a canza shi, aikin minti ashirin ya zama na yini. Haka boris ɗin feda, mai zare da ake ɗaurewa, BSA ko T47, kai da kanka za ka canza a gida, wanda ake dannawa kuwa sai kayan aiki na musamman kuma wasu in ruwa ya shiga sai ƙara.

Giya mai batir tana jure sanyi?

Tana jurewa, Di2 na Shimano da AXS na SRAM duk an rufe su daga ruwa, da safar hannu ma danna maɓalli ya fi tura liba sauƙi. Batir dai ya fi saurin sauka a sanyi, ka dinga caji da wuri.

Ina tsakanin kekuna biyu na rasa wanda zan ɗauka, ya zan yi?

Girabul ɗin ma kashi-kashi ne. Akwai na tsere irinsu Cervélo Áspero da Canyon Grail, marasa nauyi, zama a duƙe, a kwalta sun fi kama da keken tsere, sai dai a irin wannan ajin ne za ka tarar da wanda ba shi da ramukan madigadi ko sai nasu na kamfani. Akwai na tsaka-tsaki irinsu Specialized Diverge da Trek Checkpoint da Giant Revolt da Cannondale Topstone. Akwai kuma na ɗaukar kaya a shiga daji irin Canyon Grizl da ya fito a 2021 da filin taya 50, ko Genesis Croix de Fer na ƙarfe da 'yan Ingila suka daɗe suna hawa a ruwansu. Kamfanoni suna canza fasali duk bayan 'yan shekaru, saboda haka takardar samfurin shekarar da za ka saya za ka karanta, ba abin da wani ya faɗa a kan na da ba.

In na ajiye biyu a gabana, wanda ba shi da wajen cikakken madigadi ya fita. In duka suna da shi, wanda ya fi fili da madigadin a jiki. In nan ma sun yi kunnen doki, wanda kayan canjinsa suka fi araha kuma zan iya kwancewa da kaina. Fok mai sifirin da sirdi mai sauka da hawa ba su da aikin yi a kwalta, ƙarin abin lalacewa ne. Nauyi shi ne na ƙarshe, rabin kilo ba komai ba ne ga wanda ya sa riga uku da fitila biyu da madigadi.

Saiz fa, daidai da na keken tserena zan ɗauka?

Kar ka bi harafin M ko L ko lamba 54, kowane kamfani da nasa awon. Kwatanta tsayin gaban firam da nisan miƙa hannu da na keken da kake jin daɗinsa. In da dama ka gwada shi da kayan sanyi a jikinka. Masu ƙaramin firam su juya kan keken su ga ko madigadin gaba yana taɓa bakin takalmi, da takalmin hunturu mai kauri abin ya fi yawa. Feda kuwa SPD, wadda ƙarfen maƙala ta yake ɗaure a tafin takalmi da noti biyu, don ka iya takawa in ka sauka a santsi.

Fitila?

Gaba da baya, ko da rana. In kullum kake hawa, wili mai dinamo irin SON ko Shutter Precision, bolt 6 wat 3, ba caji ba mantuwa, wasu fok ɗin girabul ma an yi musu hanyar wayarsa a ciki. Ka nemi fitilar da haskenta ke yankewa a sama irin ƙa'idar Jamus don kar ka kashe wa mai tahowa ido.

Tun da na koma girabul na ga guduna ya ragu, keken ne?

Wani ɓangare, in ba ka canza tayar ƙurajen ba. Sauran sanyi ne: iska a sifili ta fi ta digiri 20 kauri da kamar kashi 7 cikin 100, roba ta yi tauri, giris ya daskare, kaya sun yi maka yawa suna kama iska, jiki ma bai saki ba. Ga shi in kana gudun kilomita 30 a awa ana sifili, fatarka kamar 6 ƙasa da sifili take ji. Ko a wane keke za ka ga ragin.

Sau nawa zan wanke shi?

Duk ranar da ka bi titi mai gishiri ka ɗauraye da ruwa kafin ka shiga wanka, don in ka zauna ka ji ɗumi ba fitowa za ka yi ba. Bokiti da soso ko tiyo a hankali, ban da injin wankin mota mai ƙarfi, yana tura ruwa cikin boris ya kore giris. Goge sarƙa da tsumma ta bushe, sa mata man da aka yi don ruwa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka goge rarar, kuma ko ɗigo kar ya taɓa faifan birki. Sayi ɗan ma'aunin sarƙa, in giyarka 11 ce ko 12 da ma'aunin ya nuna 0.5 ka canza sarƙar kafin ta cinye farantan baya. Duk sati biyu ka haska tocila ka leƙa takalmin birki, na baya musamman.